Wayar Da Ba Ta San Amawali Ba

Shafi na 9

Masu aiko min da saƙo cewa na bar Uksem a bayan dutse tun makon jiya, ku yi haƙuri. Ba ni na kai shi can ba, kunya ce ta kai shi. Ga shi nan ya fito.

Uksem ya fito daga bayan dutsen yana gyara amawalinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da waya a buɗe, yana sauri kamar wanda ya ɗebo garwashi a tafin hannu.

Taubashinsa Bahedi yana tsugune gindin mota yana fifita wutar shayi. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Sannu da ciki."

"Rufe min baki."

"Daga sannu? Tunda muka baro garin Janet babu dutsen da ba ka gaisar ba. Wanda muka wuce da safe har yanzu yana cigiyarka."

"Bahedi."

"Na ce ko in jiƙa maka tazargade?"

Uksem ya saci kallon motar. Surukinsa Sermi yana kujerar gaba yadda suka bar shi, baƙin tabarau a ido, rawani ya rufe sauran, sanda tsakanin gwiwoyi. Ko ya ji ko bai ji ba, Allah masani. Uksem bai taɓa duban fuskar mutumin nan da kyau ba, balle ya karanta abin da ke cikinta.

Shi dai cikinsa lafiya lau. Wayar ce ba ta da tarbiyya.

Matarsa Tanalher ce ta sayo ta, ita ta nuna mata fuskarsa a ɗaki, ƙofa a rufe, hanci da baki duk a waje. Lambar sirrin kuwa ta riƙe a wurinta, inda sauran sirrin gidan yake. Wayar ta haddace waccan fuskar, ba ta san wata ba. In ya kalle ta da amawali sai ta yi kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Shi kuwa namijin da ya san ciwon kansa ba ya buɗe baki gaban uban matarsa. Ba ya ci a gabansa, ba ya kama sunansa, ba ya haɗa ido da shi. Shekara ashirin da ɗoriya Uksem yana riƙe da wannan, har Tanalher kan yi masa dariya ta ce, "Kai ranar da amawalinka zai sauka gaban Babana, ɗayan biyu ne. Ko ya rasu, ko ya makance."

Shi ya sa duk sanda tsohon ya ce "ɗauki wannan," sai Uksem ya nemi dutse.

Ɗaukar hoton ma hanya ɗaya ya iya, wadda ta koya masa. Ya shiga inda sunanta yake, ya danna kyamara, ya danna koriyar kibiya. Ta ce ko babu sabis hotunan za su jira, ranar da suka sami hanya su zo mata. Yanzu haka suna nan jere, kowanne da ɗan agogonsa a gindi: duwatsu, raƙuma uku marasa kai, da babban yatsan Uksem a wurare daban-daban na ƙasar nan.

Ƙofar mota ta buɗe. Sanda ta fara sauka, sannan tsohon.

"Za mu hau," ya ce.

Bahedi ya miƙe da ƙyar, ya kira shi Amgar, wato babba, yadda kowa yake kiransa. "Amgar, shayin fa? Na farko ya kusa."

"In mun sauko."

"To bari in kashe wutar in raka ku."

"Kai zauna. Dutsen nan ya daɗe a tsaye, kada ya zo ya karye a zamanina."

Uksem ya gode wa Allah da ya halicci amawali, don dariyar da ta kama shi ba ta gaban suruki ba ce. Bahedi ya shafa tumbinsa, ya koma ya tsuguna.

Tsohon ya miƙa hannu gefe, bai juyo ba. "Gwiwa ta tsufa. Ba ni hannunka."

Uksem ya tsaya. Tunda yake, fatarsu ba ta taɓa haɗuwa ba sai a gaisuwa, ita ma kan yatsu. Ya miƙa. Tsohon ya kama tsintsiyar hannunsa, riƙon wanda ya yi rabin rayuwarsa yana jan guga.

"In kun kai sama ku gaida min sabis!" Bahedi ya ɗaga murya a bayansu. "Makiyaya sun ce wani lokacin yakan biyo ta can, kamar aljani!"

Abin da ya kawo su yana bayan wannan tudun. Daga samansa ake hango kwarin Tin-Elwa, inda aka binne Takamat, mahaifiyar Tanalher, tun Tanalher tana goye. Ruwan da aka yi shekarun baya ya yaga kwarin, ya cinye hanya, ba wanda ya san ko ya bar kabarin. In yana nan, gobe su kewaya a ƙasa su je. In babu, su juya. Tsohon yana da 'ya'ya maza uku, kowanne da motarsa, amma ya ce Uksem ne zai kai shi. Uksem ya faɗi wannan a kasuwa sau da yawa, ba don alfahari ba, don dai mutane su san an san direba.

Suna hawa yana shafa gilashin wayar da babban yatsa don kada ta yi barci. Taku biyu, shafa. Taku biyu, shafa. Sai tsakuwa ta zame ƙarƙashin takalmin tsohon. Uksem ya cusa wayar a aljihu, ya tare shi da hannu biyu.

Da suka kai sama ya zaro ta.

Ta rufe.

Ya duba hagu, ya duba dama. Fili ne ɗan siriri, iska na kaɗawa, ƙasa kwari, baya gangare. Wanda yake saman dutse ba shi da bayan dutse.

Rana ta yi la'asar, ta zuba ja a kan ganuwar kwarin. Irin hasken nan ne baƙin da yake ɗaukowa a mota daga birnin Aljiyas suke ihu a kansa, su miƙo masa wayoyinsu, ya yanke musu kawuna a hoto.

"Ɗauka," tsohon ya ce.

"To, Amgar."

Ya ɗan karkata, ya ɗaga wayar daidai idanunsa, ya zaro su. Wayar ta girgiza. Ya ɗaga gira. Ta girgiza. Ya ja amawalin ƙasa kaɗan, iya karan hanci. Ta girgiza, ta rubuto masa cewa saura sau ɗaya ta nemi lambar sirri.

Lambar tana Janet, tana dafa abincin dare.

"Ka ɗauka?"

"Amgar... cikina ne. Bari in ɗan sauka in dawo."

Riƙon ya ƙara ƙarfi.

"Babu inda za ka."

"Ba zan daɗe ba."

"Kafin ka sauka ka hau, rana ta tafi. Kuma cikinka lafiyarsa ƙalau."

Uksem ya sunkuyar da kai.

"Mai ciwon ciki ba ya cinye rabin gurasar tagella a bayan mota. Ina jin taunarka."

"Amgar..."

"Kuma mai ciwon ciki ba ya tsayawa bayan dutse yana cewa, 'Ni ne, ni ne, 'yar banza, buɗe.' Da fari na ɗauka aljana ka ajiye."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Uksem ya yi mata godiya.

"Wayar ce," ya ce, murya can ciki. "Ba ta buɗewa sai ta ga fuska."

"Na sani. 'Yata ta gaya min tana dariya tun ranar da ta sayo ta."

"Ka sani?"

"Sauke amawalin."

"Amgar, gara in faɗa kwarin nan."

"In ka faɗa wa zai mayar da ni gida? Bahedi?"

"Ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba. Ubana ya mutu bai taɓa yi ba, ni ba zan fara a kanka ba."

Iska ta kaɗa bakin rigar tsohon. Sannan ya jingina sandar a ƙirjinsa, ya kai hannu, ya cire baƙin tabaran.

"Dube ni."

"Amgar, ka yi min rai."

"Na ce dube ni, Uksem."

Bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Sunan ne ya ɗago masa kai, ba shi ya ɗago ba.

Idon hagu fari fat, kamar an ɗiga madara a ciki. Na dama farar yana ce ta rufe shi, saura ɗan gefe. Kuma ba shi suke kallo ba. Sun wuce kafaɗarsa, suna kallon inda babu kowa.

"Innalillahi," Uksem ya ce.

"Bar salati, ba mutuwa na yi ba."

"Tun yaushe?"

"Na hagu ya daɗe. Na dama tun yankan dabinon bara yake sallama da ni, bai dai gama tafiya ba. Irin baƙon nan ne mai tsayawa a bakin ƙofa."

"Amma... a hanya kai kake cewa in ɗauki wannan, in ɗauki wancan."

"Ƙafar motarka nake ji. In ta bar yashi ta hau tsakuwa na san inda muke. Ƙasar nan a tafin ƙafata take."

"Jiya ka ce in ɗauki raƙuma."

"Warinsu na ji. Nawa ne?"

"Uku."

"Na ɗauka sun fi haka."

Uksem ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara ashirin yana kawar da shi, yau an ba shi izini, ya rasa abin yi da shi.

"A gida ba wanda ya sani?"

"Gidana na sani, hanyar masallaci na sani. Tabarau na ce don rana. Maza ba sa lura. Tanalher ce ta fara shinshina. Kwanan baya ta matsar min da buta daga inda take, ta tsaya tana kallo."

Uksem ya tuna safiyar da za su taso. Ta ja shi gefe ta ce, "Ka lura min da idonsa." Ya ce mata, "Ta ina? Ni da ban san kalarsa ba?" Ta yi tsaki ta shige.

"Yanzu ka gane abin da ya sa na ce kai za ka kawo ni?" tsohon ya ce.

Uksem ya yi gyaran murya. "Na ɗauka... tuƙi ne."

"Tuƙi?"

"Mutane suna cewa hannuna yana da sanyi."

"Ramin da ka faɗa shekaranjiya, makaho ma ya san da shi. Ni na san da shi." Kafaɗun tsohon suka ɗan motsa. "'Ya'yana suna kallon fuskata. Da ɗayansu ne, kafin mu fita gari ya gane, ya juya mota. Kai kaɗai ne a zuriyar nan ba ka kallona. Kunyarka na hau na zo nan, ba motarka ba."

Uksem ya tuna kasuwa, da mutanen da ya tara, da yadda ya riƙa kaɗa makullin mota a yatsa. Ya yanke shawarar ba zai sake bi ta layin masu shayi ba sai bayan sallah.

"Bahedi fa?"

"Bahedi ba ya ganin komai sai tukunya."

"To Amgar, in ba ka gani... hoton na mene ne?"

Nan muryar tsohon ta sauka.

"Rannan 'yata ta kawo min hoton jikana a wayarta. Ta tura min kusa, har ta taɓa min hanci. Sai na gan shi. Abin yana da haske daga ciki, in ya matso gefen nan na dama, aka buɗa shi, ina gani. Na ga kunnuwan yaron. Na ce mata ya yi kyau, na shiga ɗaki na zauna. Duniya ta yi min nisa, Uksem. Amma abin nan yana jawo ta kusa. Kwarin nan ba zan gan shi ba ko na kwana a nan. Wayarka za ta gan shi, ni kuma in ga wayarka. In na dama ya gama tafiya, shi ke nan. Ban san ko zai kai wani watan ba."

Rana ta ƙara sauka. Inuwa ta fara cin gindin ganuwar.

"Ba na ganinka. Abin da nake gani a gabana wani dogon duhu ne mai warin man mota. Sauke."

Uksem ya kai hannu. Yatsunsa suka tsaya a bakin ƙyallen. Ya san ba a ganinsa, amma hannun bai sani ba, sai da ya yi da gaske. Ya ja.

Iska ta taɓa leɓensa. Ya ji kamar ya fito kasuwa ba wando.

Ya ɗaga wayar. Kafin ya gama ɗagawa ta buɗe, har da ɗan ƙara, kamar ta ce ai kai ne, da ka faɗa tun ɗazu.

"'Yar banza," ya ce a hankali.

"Na ji."

Ya shiga inda sunan Tanalher yake, ya danna kyamara, ya nufi ƙetaren kwarin, ya ɗauka, ya danna koriyar kibiya. Ya buɗe hoton ya sa a hannun tsohon. Tsohon ya kai shi gefen idon dama, hancinsa na gogar gilashi.

"Wannan jan tudun, da babu shi. Ruwan ne ya kawo?"

Uksem ya leƙa. "Yatsana ne, Amgar."

"Sake."

Ya sake. Wannan karon ya riƙe numfashi, ya dafe gwiwar hannu a ciki, ya janye duk yatsun da Allah ya ba shi.

"Ina bishiya? Akwai tsohuwar tarut, ita kaɗai, a hagu da inda ganuwa ta tsage."

Uksem ya sa yatsu biyu ya buɗa. Hoton ya matso. Duwatsun da ruwa ya mirgino, yashi sabo, itace a kwance. Ya ƙara jan hoton gefe.

"Ga ta. Tana tsaye. Ruwa ya ci gefenta, saiwa a waje, amma tana tsaye."

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙasa. Gindinta, ta gabas."

Ya ja ƙasa. Hoton ya fara dushewa, komai ya zama ɗigo-ɗigo. Tsohon ya riƙe wayar da hannu biyu. Sai a lokacin Uksem ya lura an sakar masa hannu.

Uksem ya kawar da kai, ya kalli sama, ya kalli takalminsa.

"Ga shi nan," tsohon ya ce.

"Amgar?"

"Dutsen niƙanta. Ni na ɗora shi a wajen kai. Ka ga abin nan mai faɗi, mai rami a tsakiya?"

Uksem ya matso. Wani ɗan fari-fari ne, da shi kaɗai ne da ya ce ƙura ce a gilashi. Amma a kewaye da shi duwatsu ne a jere, jerin hannun mutum. Ruwan ya zo har kusa, ya rabu biyu a jikin bishiyar, ya wuce.

"Na gani."

"Alhamdu lillahi." Muryar ta karye, ya gyara ta. "Alhamdu lillahi. Ya bar min ita."

Ya daɗe a haka, leɓensa na motsi a ƙarƙashin ƙyalle. Uksem ya ɗaga hannu ya yi tasa addu'ar, ga matar da bai taɓa gani ba, wadda ta haifa masa mai riƙe da lambar sirrinsa.

"Ba ta iya niƙa ba," tsohon ya ce can. "Garinta kullum da tsakuwa. Haƙorana biyu ita ta ci. In na yi magana ta ce raƙumi ma yana tauna ƙaya bai mutu ba." Ya shafa gilashin da yatsa. "Tunda ta tafi nake cin gari mai laushi. Ba daɗi."

Uksem ya kawar da fuska, don yau babu amawalin da zai ɓoye ta.

"Wanda ya ƙera abin nan, ko wane ne shi, ko a ina yake, Allah ya saka masa. Ita ma da ta saya, Allah ya yi mata albarka." Ya laluba ya sami kafaɗar Uksem. "Kai kuma, ka yi kwana da kwanaki kana ci a ɓoye kamar ɓera, kana bin bayan duwatsu, taubashinka na yi maka dariya, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Yau ka sauke abin da ubanka bai sauke ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Amin, Amgar. Ni ne da godiya."

"Godiyar me?"

Uksem ya yi tunani. "Ban sani ba. Amma ina jin ta."

Tsohon ya gyaɗa kai, kamar amsar ta ishe shi.

"Gobe za mu kewaya. Ina so in taɓa dutsen da hannuna. Amma ka ji ni da kyau. Tanalher ba za ta ji ba sai na taɓa."

"Amgar, ta ce in lura..."

"Na san abin da ta ce, bangon gidanka ba kauri. In ta ji yau, kafin mu ɗaura kaya 'yan'uwanta sun iso da motoci uku. Su ɗauke ni kamar buhun gero sai asibitin Aljiyas. Wataƙila su gyara idon, wataƙila su ƙarasa shi. Ko wanne ne, ba wanda zai sake barina in taka dutse. In na taɓa, ku kai ni duk inda kuke so, ku yanka abin da za ku yanka."

"Ban taɓa ɓoye mata komai ba."

"Don ba ka iya ba ne."

"Haka ne."

"To koya. Zuwa gobe kawai."

Uksem ya dubi ƙetaren kwarin, inda bishiyar take kamar ƙwayar gero.

"Na yi alkawari. Daga bakina ba za ta ji ba."

"Madalla. Saura abu ɗaya. Abin nan yana da ido ta gaba, ko? Na ji baƙinka suna yi."

"Yana da shi."

"Juya shi. Ina so in ga wanda na ba 'yata."

"Amgar!"

"Na ba da yarinya ga rawani da ido biyu. Shekara ashirin ina ciyar da jikoki ban san kamar wa suka ɗauko ba. Matso."

Uksem ya matso. Kafaɗa ta taɓa kafaɗa. A gilashin ya ga kansa, baki a waje, ga tsohon a gefensa ba tabarau, fararen idanu suna kallon wani wuri daban. Ya ɗauka. Yatsan ya yi abin da ya saba. Ya buɗe hoton, ya buɗa, ya miƙa.

Tsohon ya kai ido. Ya daɗe.

"Ashe wushirya gare ka."

"Ba wushirya ba ce. Ƙofar mota ce ta buge ni."

"Hancin fa?"

"Shi da shi aka haife ni."

"Allah sarki." Ya ƙara matso da wayar. "To ga inda yaron ya samo kunnuwa. Ni da nake zargin dangin uwata." Ya girgiza kai. "Tanalher mai haƙuri ce. Ba uwarta ta biyo ba."

Dariya ta ƙwace wa Uksem, da baki buɗe, da giɓin da komai, a gaban uban matarsa. Tsohon ma ya kama, yana tari yana dariya, har sandar ta faɗi. Kwarin ya karɓa ya mayar musu.

Daga can ƙasa muryar Bahedi ta taso. "Lafiya? Ko cikin ne ya kama ku ku biyu?"

Uksem ya sunkuya ya ɗauko sandar yana share ido. Yana miƙewa dariyar ta yanke.

Koriyar kibiya.

Ya danna ta. Ya san ya danna, don bai taɓa ɗaukar hoto bai danna ba. Hoton yana can ƙarƙashin sunan Tanalher. Shi ba amawali. Babanta ba tabarau.

Ɗayan biyu ne, in ji ta. Kuma wanda ya rasu ba ya tsayawa hoto.

Ya ja numfashi. Babu sabis. Tunda suka bar kwalta babu. Hoton zai zauna da ɗan agogonsa kamar sauran, in sun sauka ya san yadda zai yi da shi, ko da zai kai ga roƙon Bahedi.

"Amgar, kawo wayar in ɗan duba wani abu."

"Tsaya, ban gama da kunnuwan ba." Tsohon ya karkata kai. "Akwai wani ɗan abu a ƙasan hoton."

"Agogo ne. Yana nufin bai tafi ba."

"Agogo?"

"Ɗan ƙarami, zagayayye."

"Ni ba zagayayye nake gani ba. Kamar sawun tsuntsu."

Uksem ya miƙa hannu.

"Amgar, kawo."

"Af. Sun zama biyu."

"Kawo wayar, don Allah!"

"Yanzu kuma sun yi shuɗi. Kalar rawanina." Tsohon ya sauke wayar daga idonsa a hankali. "Uksem. Mene ne shuɗi?"

Uksem ya buɗe baki. Kafin magana ta fito, wayar ta ɗauki kuka a hannun tsohon, tana rawa, sunan Tanalher ya cika gilashin.

Ya ja amawalinsa sama da sauri, sai ka ce yanzu zai yi wani amfani.

"Ita ce?" tsohon ya ce.

"Ita ce."

"Kada ka ɗauka."

Ya miƙo wayar yana laluben hannun Uksem, babban yatsansa ya goga a kan gilashin, daidai wurin amsa kira.

Kukan ya tsaya.

Iska kaɗai ake ji. Sai numfashi, daga can Janet.

Ba ta yi sallama ba. Ba ta tambayi hanya ba.

"Tun yaushe?"